Mintunan Ƙarshe Kafin Taya Ta Taɓa Ƙasa



Idan damina ta kankama a ƙasar Kano, iska takan juyo daga kudu maso yamma. Da yake jirgin sama yana sauka ne yana fuskantar iska, jiragen da ke shigowa filin jirgin Malam Aminu Kano a wannan lokaci sukan zagayo ta arewa maso gabas. Su miƙo ta tsakanin Minjibir da Gezawa, su ratso ƙasar Ungogo suna rage tsawo a hankali. Jirgin da ya rage masa kilomita 10 ya isa titi, tsakaninsa da kan gero bai wuce mita 500 da 'yan kai ba. Idan saura kilomita 5, rabin haka ne. Manomin da ke noman firi a wannan yanki ya saba da ƙarar har bai cika ɗaga kai ba, alhali kuwa a daidai saman gonarsa ne matuƙi yake shiga ɓangaren da ya fi kowane wuya a tafiyarsa.

Manyan jiragen fasinja suna da matuƙa biyu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana sa masa ido, ga kamfani a bayansu da littafin ƙa'idoji mai kauri. Ƙananan jirage ba haka suke ba. Su ne na ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi da ke Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Su ne masu feshin tsuntsayen jan-baki a fadamun Arewa. Su ne kuma na gwamnoni da attajirai, waɗanda kan yawaita a sama idan kakar siyasa ta zo. A da yawa daga cikinsu mutum ɗaya ne ke yanke kowace shawara, daga ko za a tashi har zuwa ko za a sauka. A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa a duniya kuma ake tattara lissafinsu kowace shekara, rahotanni sun daɗe suna nuna abu biyu: mafi yawan haɗurran ƙananan jirage daga matuƙi suke tasowa, kuma babu matakin tafiya da ya fi sauka yawan haɗari.

Arewacin Najeriya yana da nasa misalin, kuma har yanzu ba a gama ɗaukar darasinsa ba.

Ranar 25 ga Oktoba 2012, gwamnan jihar Taraba na wancan lokaci, marigayi Danbaba Danfulani Suntai, ya tashi daga Jalingo zuwa Yola a jirgi ƙirar Cessna 208 Caravan, shi da kansa ne a kujerar matuƙi, jami'an tsaronsa suna baya. Mutum ne mai ilimi, masanin haɗa magunguna da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma mai ƙaunar tuƙin jirgi da gaske, har ya je Zariya ya samu lasisin tuƙin jirgi na ƙashin kai. Tafiyar gajeriya ce, rabin sa'a da 'yan mintuna. Amma jirgin bai isa titin Yola ba. Ya faɗi kafin ya kai, bayan rana ta faɗi. Duk waɗanda ke ciki sun fita da rai, sai dai gwamnan ya samu mummunan rauni a ka. An kai shi Jamus, daga nan Amurka, ya dawo gida a watan Agustan 2013 bai koma yadda yake ba. Jihar Taraba ta shiga dambarwar wa ke mulki tsakanin ɓangarensa da na muƙaddashin gwamna Garba Umar. Suntai ya rasu a Amurka ranar 28 ga Yuni 2017.

Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta ƙasa ta fitar da rahotonta, kuma ba ta ɓoye komai ba. Matuƙin ba shi da takardar cancantar tuƙa irin wannan jirgi. Ba shi da takardar tuƙi da na'urori zalla, wato irin tuƙin da ake yi idan ido ba ya ganin waje. Sa'o'in da ya tara a sama ba su kai 60 ba. Sannan ya yi tafiyar da ƙa'idarta ta dogara da gani da ido, a lokacin da hasken rana ya riga ya ƙare.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar bayani, don a ga girman abin. Ƙa'idar duniya ta ce ana iya ba mutum lasisin ƙashin kai bayan sa'o'i 40 na tuƙi, don haka mai sa'o'i hamsin da wani abu sabon hannu ne ƙwarai. Jirgin da aka fi koyon tuƙi da shi a duniya, Cessna 172, mai kujera huɗu ne, nauyinsa da lodi tan ɗaya da ɗan ƙari. Caravan kuwa ya ninka shi nauyi fiye da sau uku, injinsa wani iri ne daban, gudunsa ya fi, kuma abubuwa suna faruwa a cikinsa da saurin da sabon hannu bai saba ba. Batun duhu kuma, duk ɗan ƙasar nan ya san yadda magaribarmu take: rana tana faɗuwa, kafin a idar da salla a yi lazimi duhu ya rufe. A ƙasashen Turai almuru kan ja lokaci, a nan mintuna ashirin da ɗoriya ne. Matuƙin da ya tashi da sauran haske yana ganin zai kai, yana iya samun kansa a cikin baƙin duhu saura kwata ya isa, a saman daji inda babu ko fitila ɗaya da za ta nuna masa inda ƙasa ta tsaya.

Abin da ya fi damun mai wannan sharhi shi ne tambayar da rahoto ba ya iya amsawa. A filin jirgin da ke jiharsa, a cikin jirgin gwamnatinsa, wane ma'aikaci ne zai tsaya gaban gwamna ya ce ranka ya daɗe, rana ta yi nisa, a bari sai gobe? Wane dogari ne zai ce shi ba zai shiga ba? Ɗalibi a Zariya yana da malamin da zai hana shi tashi, matuƙin kamfani yana da shugaban matuƙa da zai iya dakatar da shi. Babban mutum mai jirginsa ba shi da kowa a samansa sai lamirinsa, kuma al'adarmu ta girmama manya, wadda alheri ce a wurare da yawa, a nan takan rufe bakin da ya kamata ya yi magana.

Ba halinmu ba ne mu kaɗai. Ranar 16 ga Yuli 1999, John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya tashi da matarsa da yayarta a ƙaramin jirginsa ƙirar Piper Saratoga. Ya makara wajen tashi, dare ya yi masa a kan teku cikin hazo, shi ma ba shi da takardar tuƙi da na'urori. Yana gangarowa kusa da tsibirin Martha's Vineyard ya rasa gane sama da ƙasa, jirgin ya faɗa ruwa, duka ukun suka mutu. Masu bincike sun san wannan cuta sarai. Idan ido bai ga iyakar ƙasa da sama ba, abin da ke cikin kunne mai gaya wa mutum ko a miƙe yake yakan yi masa ƙarya. Jirgi ya karkata, jiki ya ce daidai ake tafiya. Wanda aka horar shi ne ke iya ƙin yarda da jikinsa ya bi abin da allura ta nuna.

To ko da rana tsaka, sararin sama garau, sauka aiki ne mai tsauri. Fiffike ba ya ɗaukar jirgi sai iska tana ratsa shi da wani gudu. Sauka kuwa tana buƙatar a rage gudun har kusa da iyakar da fiffike zai saki, a daidai lokacin da ƙasa ta matso. Kamar mai keke ne da yake son tsayawa a kan wani layi ba tare da ya sa ƙafa ba: ya rage gudu da yawa ya kife, ya bar gudu ya zarce. Cessna 172 yana tunkarar titi da gudun kilomita 110 zuwa 130 a sa'a. Idan matuƙi ya bar gudun ya faɗi sosai, musamman a kwanar ƙarshe da zai daidaita da titi, fiffike ɗaya yakan saki, jirgin ya juya ya nufi ƙasa da hanci, kuma a wannan tsawon babu sararin gyara. Wannan shi ne mai kisa. Idan kuma ya shigo da gudu fiye da kima, jirgin yakan ƙi zama, ya yi ta shawagi a saman titi ana cin tsawonsa. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan gudu yana ƙara kimanin kashi 20 a kan nisan tsayawa. A nan ne matuƙin da ya ƙosa yake tura hanci ƙasa da ƙarfi don ya tilasta wa jirgin zama. Tayar gaba ta fara dukan kwalta, jirgin ya yi tsalle, ya sake dukan ƙasa, kowane tsalle ya fi na baya, har ƙafar gaba ta karye farfela ta ci ƙasa.

Akwai iskar gefe da kan ture jirgi daga titi. Akwai masu mantawa su sauke tayoyi a jiragen da ke naɗe su, su sauka a kan ciki. Akwai masu sauka iska tana bin bayansu don ƙyuyar zagayawa ɗaya ɓangaren.

Kusan duk waɗannan suna da magani guda, kuma kowane ɗalibi ya san shi tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai: a fasa sauka. A ba inji wuta gaba ɗaya, a ɗaga, a zagayo a sake gwadawa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, idan an sauko zuwa ƙafa 500 daga ƙasa, kimanin mita 150, kuma gudu ko tsawo ko saiti bai daidaita ba, to a fasa. Abin da za a yi asara mintuna biyar ne ko goma da ɗan man da bai taka kara ya karya ba. Amma matuƙa suna ƙin yi, kuma dalilan ba na fasaha ba ne. Kunya ce, kada fasinja ya ce bai iya ba. Gajiya ce, an ga gida. Ko kuma maigida yana baya yana duba agogo, jama'a sun cika filin taro tun hantsi, makaɗa suna jira. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, a jirgin sama kuwa abin da yake haifarwa ya fi nawa muni.

Sararin Kano yana da nasa tarkon a kowane lokaci na shekara. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan rage nisan gani ya koma ƙasa da kilomita ɗaya, alhali tuƙi da ido yana buƙatar aƙalla kilomita 5. Makircin hazo shi ne, daga sama matuƙi yana iya ganin ƙasa idan ya duba kai tsaye ƙarƙashinsa, sai ya ɗauka lafiya lau. Sai ya gangaro yana duban gaba ta cikin kaurin ƙurar, titi ya ɓace masa. Da bazara kuma zafi ke sa iska ta yi shara-shara. Filin jirgin Kano yana kimanin mita 476 sama da teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40, fiffike da inji suna aiki ne tamkar a tsawon mita 1,500. Jirgi ya fi gudu a ƙasa lokacin taɓawa, ya fi cin titi, kuma idan aka zo fasa sauka ba ya ɗagawa da kuzarin da aka saba. Da damina ga hadari da guguwar da ke gabansa. A ranar 24 ga Yuni 1956 wani jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya tashi daga Kano ya shiga iskar hadari da ta danne shi ƙasa, mutum 32 suka mutu.

Dattawan Kano ba su manta da 22 ga Janairu 1973 ba. Jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, ɗauke da alhazai daga Jidda zuwa Legas, aka karkato shi Kano saboda rashin kyawun yanayi a can. Ya sauko cikin hazo da iska, tayar gaba ta fara taɓa ƙasa, ƙafafunsa suka karye, ya juya ya kama da wuta. Cikin mutum 202, 176 suka rasu. Babban jirgi ne da ƙwararrun matuƙa. Idan hazon Kano ya iya yi wa irinsu haka, sai a auna mai sa'o'i ɗari a ƙaramin jirgi.

Masu saukar ungulu ma ba su tsira ba. Ranar 2 ga Fabrairu 2019, jirgin da ke ɗauke da mataimakin shugaban ƙasa na wancan lokaci, Yemi Osinbajo, ya zo sauka a wani fili a Kabba ta jihar Kogi. Farfelarsa ta tayar da ƙura, ƙurar ta rufe matuƙan suka daina ganin ƙasa, jirgin ya doki fili ya kife a gefe. Mutum 12 da ke ciki Allah ya kuɓutar da su. Duk filin makarantar firamare a Ɗambatta ko Bichi ko Kunci da aka share don saukar ɗan siyasa a watan Fabrairu, irin wannan ƙurar ce a kwance a kansa, kuma sau da yawa yara ne ke kewaye da shi suna kallo.

A nan ne maganar ta zama ta mutanen karkara. Littattafan koyon tuƙi suna cewa idan inji ya mutu ko mai ya ƙare, matuƙi ya nemi fili ya sauka. An rubuta su ne a ƙasashen da gona ɗaya kan kai kilomita a miƙe. Ƙasar arewacin Kano ba haka take ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki saboda yana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, inda ake noma kusan kowane taku duk shekara babu saura. Gado ya yanyanka gonaki, da yawa ba su kai kadada ɗaya ba, wato mita 100 kowane gefe. A tsakiyarsu ga kuka ga tsamiya, ga ɗorawa ga gawo, waɗanda aka bari da gangan don amfaninsu. Ga shingen gona, ga rijiya, ga turakun lantarki, ga gidaje a warwatse kowace 'yar tazara. Cessna 172 yana buƙatar kimanin mita 400 idan zai tsallake bishiya ya sauka ya tsaya. Idan injinsa ya mutu yana mita 300 a sama, nisan da zai iya lulawa bai kai kilomita 3 ba. Ko ya dace da fili, kunyar gero tana jiran tayar gaba, kuma idan ya sauka a gicciye da ita, jirgin kifewa zai yi. A watan Oktoba dawa ta fi mutum tsawo, ba a ganin mai aiki a cikinta daga sama.

Ma'ana, kuskuren matuƙi a wannan yanki ba shi kaɗai zai shafa ba. Mutanen Gwammaja sun san haka tun ranar 4 ga Mayu 2002, da jirgin kamfanin EAS ya zarce ƙarshen titi kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa kan gidajensu. Sama da mutum ɗari suka rasu, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba.

Idan irin wannan ya faru, abin da ake fara ji shi ne ƙaddara ce. Babu mumini da zai musa ƙaddara. Amma malamanmu sun koyar cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma mutumin da ya tashi da jirgin da bai cancanci tuƙawa ba, cikin duhun da ba a horar da shi a kai ba, ya saki sababi. Faɗin haka ba cin mutuncin mamaci ba ne. Don masu rai ake rubuta rahoton haɗari.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA tana da aiki a gabanta, domin jiragen ƙashin kai sun yawaita. A daren 3 ga Nuwamba 2023 wani ƙirar Hawker 800XP ɗauke da ministan lantarki Adebayo Adelabu ya taɓa ƙasa kafin ya kai titi a Ibadan, ya zarce gefe, ba a rasa rai ba. A 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu irin waɗannan jirage da aka samu suna haya da su ba bisa ƙa'ida ba. Wannan mataki ne mai kyau, amma duba takarda a ofis bai isa ba. Abin da ake buƙata shi ne jami'in da ke ƙaramin fili ya samu ikon duba lasisin duk wanda ya zauna a kujerar matuƙi, ya hana tashi idan da dalili, kuma ya kwana da tabbacin ba za a yi masa canjin wurin aiki washegari ba. Ba tare da wannan kariya ba, dokar tana aiki ne a kan ɗalibai da ƙananan matuƙa kawai.

Su kuma mutanen ƙauye, idan Allah ya kawo tsautsayi jirgi ya faɗo kusa da su, halinsu na rugawa ceto abin yabo ne, sai dai akwai abin lura. Yawancin ƙananan jirage da fetur mai saurin kamawa suke aiki, tankunansa suna cikin fukafukai, don haka sigari ko ashana ko injin babur a kusa na iya tayar da gobara. Jirgin feshi kuma yana ɗauke da guba mai shiga ta fata. A fitar da masu rai a yi nesa da su, wanda ya bugu a wuya ko baya a ɗauke shi a miƙe ba tare da lanƙwasa shi ba, a kira lamba 112, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, a kori yara daga wurin.

Sannan a bar tarkace yadda yake. Mafi yawan ƙananan jirage ba su da baƙin akwatin nan mai naɗar bayanai. Jami'an hukumar bincike ta NSIB suna karanta haɗari ne daga abin da suka tarar: yadda farfela ta lanƙwashe yana nuna ko inji yana aiki lokacin da ta doki ƙasa, sawun taya a kan kunya yana nuna inda jirgin ya fuskanta, reshen da ya karye a kan ɗorawa yana nuna tsawon da ya shigo da shi. Guntun ƙarfen da wani ya ɗauke ya kai wa 'yan gwangwan yana iya zama shi ne amsar. Kuma manomin da ke tsaye a gonarsa, wanda ya ji ko ƙarar inji ta yanke kafin faɗuwa, ya ga ko jirgin ya karkata hagu ko dama, ya san ko an kira magariba ko ba a kira ba, shaida ne da masu bincike ke nema. Ya dace ya je wurin dagaci ya ba da sunansa, ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji kafin labarin ya gauraya da na waɗanda suka iso daga baya.